Haya, Bashi da Asara: Hukuncin Ƙaramin Mai Gidan Haya a Malanville

Gidan haya a Malanville ba kasafai yake zama bene ba. Galibi fili ne da aka zagaye da katanga, aka jera ɗakunan bulo masu rufin kwano a gefe ɗaya ko biyu, wasu ciki da falo, wasu ɗaki guda-guda, masai da wurin wanka a ƙurya, famfo ko rijiya a tsakar gida, wani lokaci da shago ɗaya ko biyu masu fuskantar titi. Masu irin waɗannan gidaje ba manyan attajirai ba ne. Akwai ɗan kasuwar albasa ko hatsi da ya tara 'yan kuɗinsa, akwai direban babbar mota da ƙarfi ya fara ƙare masa, akwai ma'aikacin da ya yi ritaya, akwai matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu da ɗakuna huɗu. Ga yawancinsu ginin shi ne fansho, shi ne asusun ajiya, shi ne kuma abin da za a raba gado.

Abin da ke cika ɗakunan shi ne matsayin garin. Yana arewa maso gabashin Jamhuriyar Benin, cikin jihar Alibori, a gaɓar Kogin Kwara, yana kallon Gaya ta Nijar, gada ce kawai tsakaninsu, Kamba ta jihar Kebbi kuma ba ta da nisa. Ƙidayar 2013 ta sami mutum fiye da 168,000 a ƙaramar hukumar. Kasuwarsa ita ake lissafawa ta biyu a ƙasar bayan Dantokpa ta Kwatano, kuma hanyar da kayan Nijar suka saba bi daga tashar jiragen ruwan Kwatano, tafiyar sama da kilomita 700, a nan take tsayawa kafin a haye. Saboda haka 'yan haya su ne direbobi da yaran mota, masu fiton kaya, ma'aikatan duwan da malaman makaranta da aka turo daga kudu, 'yan ci-rani, da fatake masu neman sito. Saukar baƙi tsohuwar sana'a ce a ƙasar Dendi da garin yake cikinta, tun zamanin da ayarin masu goro daga Kano da Sakkwato ke haye Kwara su nufi Gwanja. Fatoma, wato mai saukar baƙi, na wancan lokaci bai cika karɓar kuɗin ɗaki ba, la'adar ciniki yake ci. Na yanzu kuɗi yake jira a ƙarshen wata, kuma daga nan tambayar addini take tasowa.

Tambayar ita ce: mutum biyu ne, kowannensu yana da miliyan biyar na sefa. Na farko ya ba da bashi, yana karɓar wani abu a kai duk wata. Na biyu ya gina ɗakuna, shi ma yana karɓar wani abu duk wata, yana zaune bai ɗaga ko tsinke ba. Me ya sa shari'a ta haramta na farko ta halatta na biyu? Duk hukuncin da zai biyo baya, na neman jari da na kare dukiya, a kan amsar wannan tambaya yake tsaye.

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake karantawa a zaurukan yankin cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, suna ɗaukar haya a matsayin sayar da amfani: an san amfanin, an san farashinsa, an san wa'adinsa. Ɗakin yana nan a matsayin mallakar mai shi, ɗan haya inuwarsa da rufin asirinsa kawai ya saya. Kuɗi ba haka suke ba, domin ba a amfani da su sai an kashe su, kuma da zarar an ba da su bashi sun fita daga hannun mai su sun koma wuyan wanda ya ci. In ɓarawo ya ɗauke su a daren farko, bashin yana nan daram. Amma in katangar ɗaki ta faɗi a daren farko ba da laifin ɗan haya ba, asarar ta mai gida ce, kuɗin haya kuma sun tsaya. Wannan shi ne bambancin. Ƙa'idar fiƙihu, wadda asalinta hadisi ne da aka ruwaito daga Nana A'isha, ta ɗaure cin amfanin abu da ɗaukar asararsa. Bahaushe ya faɗi haka da bakinsa: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ba Musulmi kaɗai suka kai ga wannan rarrabewa ba. Malamin Kirista Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya bambanta abin da amfani da shi ke cinye shi, kamar alkama da kuɗi, da abin da ake amfani da shi yana nan, kamar gida, ya halatta hayar na biyun ya hana ta na farkon.

Akwai mai cewa ai mai ba da bashi ma yana cikin haɗari, domin ana iya cinye masa kuɗi, darajarsu kuma tana iya zubewa, kamar yadda aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, da kuma yadda naira ta zube a hannun 'yan kasuwar iyaka tun daga tsakiyar 2023. Maganar tana da ƙarfi, kuma ita ce ke tura mutane su mayar da kuɗinsu siminti. Amma ba ta rushe ƙa'idar ba. Wanda aka ƙi biya yana da haƙƙi a wuyan wani har gaban alƙali, har Lahira. Wanda ruwa ya ci ɗakinsa ba ya bin kowa komai. Abin da wannan ke nunawa shi ne, halaccin kuɗin haya ba kyauta ba ne: mai gida yana sayensa ne da yarda cewa asara tasa ce. Duk dabarar da zai yi ya ci gaba da karɓar haya alhali ya ɗora asarar a kan wani, tana matsar da shi kusa da mai cin ruwa, ko da sunan cinikin bai sauya ba.

Hanyar da aka fi gina gidajen haya da ita a garin ba ta da wata muhawara: a sayi fili, a buga bulo in an sami sarari, a bar kango ya sha damina biyu ko uku, a rufa ɗaki ɗaya a saka ɗan haya, kuɗinsa su sayi kwanon na biyu. Aibinta jinkiri ne da tashin farashin siminti da rodi. Adashi yana gaggauta ta, kuma mafi yawan malaman zamani sun halatta shi, tun da kowa abin da ya zuba yake kwasa, ba ƙari ba ragi. Haɗarinsa na amana ne, ba na hukunci ba. Mutanen Benin ba su manta da ICC Services ba, kamfanin da ya tara kuɗin jama'a da alkawarin riba mai yawa ya rushe a 2010. Adashin da aka san uwarsa da 'ya'yansa daban yake da mai alkawarin ninka kuɗi.

Bashin banki shi ne inda hankula suka rabu. Ayoyi na 275 zuwa 279 na Suratul Baƙara sun haramta cin ruwa da kakkausan lafazi, kuma taron malamai na Azhar a 1965 da Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a watan Disambar 1985 duk sun yanke cewa ruwan banki yana cikin abin da aka haramta. Akwai 'yan tsirarun malamai da suka sassauta, kuma akan ji mutane suna kafa hujja da fatawar Majalisar Fatawa ta Turai ta 1999, wadda ta ba Musulmin can damar sayen gida da bashin banki. Sai dai fatawar ta taƙaita ne ga gidan da mutum zai zauna da iyalinsa, in ba shi da wani, kuma babu wata hanya. Gidan haya neman ƙari ne, ba neman mafaka ba, don haka hujjar lalura ba ta kai gare shi.

Abin lura shi ne lissafi ma yana bayan malamai a nan. A farkon 2014 hukumomin kuɗi na ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma sun ƙayyade iyakar ruwa a kashi 15 cikin ɗari a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusun ba da lamuni, irin su CLCAM da ke ƙarƙashin FECECAM a garuruwan Benin. A ɗaya gefen, dokar hayar gidajen zama da Benin ta yi a 2018 ta ce hayar shekara kada ta wuce kashi 8 cikin ɗari na darajar gidan. A ɗauki misalin wanda ya ci bashin miliyan biyar ya gina ɗakuna. In ruwan ya kai waccan iyaka ta banki, sefa 750,000 ne a shekarar farko, in na ƙaramin asusu ne, 1,200,000, alhali doka ba ta yarda hayar gida mai wannan daraja ta wuce 400,000 ba. Ba kowane bashi ne ke kai wa iyaka ba, kuma ba kowane mai gida ne ke bin kashi 8 ba, amma tazarar ta isa ta nuna cewa ɗakunan ba za su biya bashin da ya gina su ba. Giɓin daga wani wuri zai fito: ko daga jarin kasuwa, ko daga tsawwala wa 'yan haya, ko daga sayar da gidan.

Akwai wata hanya da ta fi banki yaɗuwa, kuma ta fi ɓoye ruwanta, wato jingina. Mai gida yana neman kuɗin ƙarasa gini, sai ya karɓi bashi wurin wani mai hali, ya miƙa masa shago ko ɗakuna biyu ya riƙa zama ko karɓar hayarsu har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa cif. Mutane da yawa suna ganin wannan taimako ne. A fiƙihu bashi ne da ya jawo amfani. Jingina ita kanta halas ce, aya ta 283 ta Baƙara ta ambace ta, amma aikinta tabbatar da biya ne, ba ciyar da mai bin bashi ba. Malikiyya sun yarda mai riƙe da jingina ya sharɗanta amfani da ita in bashin ya samo asali daga ciniki kuma an ƙayyade wa'adi, domin a nan amfanin ya zama wani ɓangare na farashi. In rance ne, sun hana. Gyaran ba shi da wuya: a ƙiyasta hayar shagon yadda take a kasuwa, a riƙa cire ta daga uwar kuɗi wata bayan wata, ko kuma a bar maganar bashi gaba ɗaya a ƙulla hayar shekara biyu ko uku da kuɗi hannu. Ta biyun haya ce sahihiya, da sharaɗin in shagon ya rushe kafin wa'adi, mai gida zai mayar da kuɗin watannin da suka rage.

Kusa da wannan akwai ɗan hayar da ke gyara ko ƙarasa ɗaki da kuɗinsa a riƙa cirewa daga haya. Halil ya halatta a sharɗanta gyara da yaɓe daga kuɗin hayar da suka riga suka wajaba. Abin da ake gudu shi ne jahilcin adadi, inda ba a san nawa za a kashe ba, ba a san wata nawa za a cire ba. A nan rigingimu suke yawa, kuma maganinsu a kira magini ya yi ƙiyasi a rubuta kafin a sa bulo na farko. Haɗin gwiwa kuwa, inda mai fili da mai kuɗi za su mallaki ginin tare su raba haya gwargwadon yarjejeniya, asara kuma gwargwadon jari, shi ne ya fi dacewa da ƙa'idar, kuma ɗayansu yana iya sayen rabon ɗan'uwansa kaɗan-kaɗan. Bankunan Musulunci sun gina kayayyakinsu a kan irin waɗannan: su sayi siminti da kwano su sayar wa mutum da riba sananniya a biya kashi-kashi, ko su shiga tarayya su janye sannu a hankali. Babban bankin yankin, BCEAO, ya fitar da ƙa'idojin wannan harka a 2018, akwai Bankin Musulunci na Nijar a Yamai, akwai Jaiz da ya fara aiki a Najeriya a 2012. Amma suna neman takardar mallaka da shaidar samun kuɗi, abubuwan da ƙaramin mai gida a garin iyaka sau da yawa ba shi da su, kuma farashinsu ba lalle ne ya fi na sauran bankuna sauƙi ba. Bambancinsu na hukunci ne: farashi in an yanke ba ya ƙaruwa da jinkiri.

Kare dukiya yana farawa da takarda. Dokar ƙasa ta Benin ta 2013, wadda aka yi wa gyara a 2017, ta sa takardar mallaka da hukumar ANDF ke bayarwa ta zama tabbatacciyar hujja, yarjejeniyar sayarwa da aka sa wa hannu gaban shaidu kuwa mataki ne kawai a kan hanya. Wanda ya zuba miliyoyi a filin da bai tabbatar da asalinsa ba, ya yi gini a kan rigimar magada. Haka rubuta yarjejeniyar haya: mutane kan ji nauyin neman sa hannu daga ɗan'uwa ko abokin sallah, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umurni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Benin ƙasa ce da tsarin mulkinta bai jingina da addini ba, kotunanta ba da Muhtasar suke hukunci ba. Gidajen zama suna ƙarƙashin dokar haya ta ƙasa, shaguna da sito kuma ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Benin da Nijar duk suke bi. Ke nan hukuncin fiƙihu a Malanville yana aiki ne a zuciyar mutum da zauren liman, kuma takardar da aka rubuta ita ce abin da zaure da kotu za su iya karantawa tare.

Kuɗin ajiya da ake karɓa kafin a ba da makulli, dokar 2018 ta taƙaita su ga hayar wata uku. A fiƙihu jingina ce, ba kuɗin mai gida ba. Malikiyya sun tsananta a nan har suka ce in kuɗi za a jinginar, a ɗaure su a buga musu hatimi, don kada mai riƙon ya juya su jinginar ta rikiɗe ta zama rance. A aikace yawancin masu gidaje suna sayen siminti da su tun makon farko, sai ranar tashi a shiga ƙirƙiro laifi: fenti ya dushe, ƙofa ta saki, siminti ya tsage. Hukuncin a fili yake. Ɗan haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka, kamar wanda ya jibge buhunan hatsi a ɗakin kwana har daɓe ya nutse, ko ya ja wayar wuta ta ɓarauniyar hanya gobara ta tashi. Tsufan gini da cin yau da gobe na mai gida ne, domin su ne kuɗin haya ke biya. A mashhurin mazhaba ba a tilasta wa mai gida gyara, amma in rufi yana yoyon da ke cutarwa ɗan haya yana da zaɓin tashi, kuma ba a bin sa sauran wa'adi. Tara a kan jinkirin biya kuwa ba ta halatta ga mai gida ba, domin hayar da ta wajaba ta zama bashi, ƙari a kan bashi saboda lokaci kuma shi ne ainihin abin da aka haramta. Hanyoyin da suka rage masa su ne mai tsayawa, da jingina, da ƙin sabunta haya.

Ruwa da wuta su ne manyan abokan gabar gini a wannan gari. Kwara tana cika sau biyu a nan: da ruwan damina a Agusta da Satumba, sannan da ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini wanda ke isowa cikin sanyi. Kogin Sota ma a kusa da garin yake zuba. Ambaliyar 2010 da ta 2013 da ta 2020 sun ci gidaje da gonakin shinkafa a Malanville da maƙwabciyarta Karimama. Gobarar kasuwa kuma ba baƙuwa ba ce a yankin, ga ta Dantokpa a 2015, ga ta Sabon Garin Kano a 2016. Wasu suna ganin yawan tanadi raunin tawakkali ne, amma hadisin da Tirmizi ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya umurci mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah, ya rufe wannan ƙofa. Ɗaga harsashi, guje wa fili mai araha a kwari, yashe magudana kafin damina, kiran ƙwararren mai haɗa wuta, raba mita don kada rigimar kuɗin wutar lantarki ta kai ga satar layi, duk ɗaure raƙuma ne. Kuma ga mai gidan haya abin ya wuce kare dukiya, domin rayukan wasu ne ke kwana ƙarƙashin rufinsa.

Inshora ita ce tambaya mai wuya. Ibn Abidin na Sham, wanda ya rasu a 1836, yana cikin na farko da suka tattauna ta, game da kayan fatake a jiragen ruwa, kuma bai halatta ba. Hujjar masu hanawa ita ce garari: mutum yana biyan kuɗi sananne don abin da bai san zai samu ko ba zai samu ba, kamfani kuma yana cin riba daga wannan duhu, sannan yana juya kuɗin a harkar ruwa. Mustafa Zarƙa, wanda ya rasu a 1999, ya saɓa musu. A ganinsa abin da ake saya shi ne kwanciyar hankali, ana samun ta tun ranar biya, kuma abin da yake duhu ga mutum ɗaya ba duhu ba ne ga kamfanin da ke lissafin dubban gidaje. Majalisar Fiƙihu a zaman 1985 ta bi masu hana inshorar kasuwanci, ta halatta ta taimakekeniya, wato takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusun da yake nasu, kamfani yana gudanarwa da lada, rarar kuma ba tasa ba ce. An kafa kamfani irin wannan a Sudan tun 1979, kuma CIMA, hukumar da ke tsara inshora a Benin da Nijar da wasu ƙasashen Afirka, ta fitar da dokar takaful a 2019.

Ana iya tambaya ko inshora ba ta rushe ƙa'idar farko ba, tun da mai gida ya sauke asara daga kansa yana kuma cin haya. Ba ta rushe ba, domin bai ɗora ta a kan ɗan haya ba. In gidan ya ƙone haya ta tsaya, abin da ya sauya kawai shi ne masu gidaje da yawa sun raba nauyin a tsakaninsu da yardarsu. Shari'a ta san irin wannan tun a tsarin dangi masu haɗa diyya, da yabon da Annabi (SAW) ya yi wa Ash'arawa masu tara guzurinsu su raba daidai in abinci ya yi ƙaranci. Inda babu kamfanin takaful a kusa, masu gidaje goma ko ashirin na unguwa ɗaya suna iya kafa asusun gudummawa da sharuɗɗa a rubuce. Rauninsa a bayyane yake: yana iya ɗaukar gobarar gida ɗaya, amma ambaliya kowa take ci lokaci guda, don haka asusun da duk mahalartansa ke bakin kogi ba zai tsaya ba ranar da aka fi bukatarsa. Wanda ya bi ra'ayin Zarƙa a irin wannan hali ya bi malami mai hujja, bai kamata a zarge shi da wasa da addini ba.

Akwai asarar da ba ta taɓa bulo ko ɗaya ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar Ecowas ta sa takunkumi a ranar 30 ga wata, aka rufe gadar, manyan motoci suka yi dogon layi a hanyar shiga gari. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a toshe, kaya da yawa suka koma bin Lome da Burkina Faso, mutane suka koma haye kogi da kwale-kwale. Ɗakuna suna tsaye lafiya, amma amfanin da aka kama wasunsu dominsa ya tafi. Wa zai ɗauki wannan?

Malikiyya sun tattauna kusan irin wannan tun ƙarni tara da suka wuce. An tambayi Ibn Rushd kaka, alƙalin Ƙurɗuba wanda ya rasu a 1126, game da masaukan fatake da aka kama haya, sai baƙi suka daina zuwa saboda fitina ko tsoron hanya. Ya amsa cewa wannan aibi ne a abin da aka kama, mai haya yana da zaɓin ya riƙe ko ya warware. Da aka tambaye shi game da shagunan da ciniki ya ja baya saboda talaucin mutane, sai ya ce wannan ba annoba ba ce da ke wajabta ragi, ko da yake alƙali yana iya sassauta wa masu hayar shagunan wakafi. Halil kuma ya lissafa umurnin sarki na rufe shaguna cikin abubuwan da ke warware haya. In aka auna Malanville da wannan, hukuncin ya rabu. Sito da farfajiyar ajiye motoci da masaukin direbobi da aka kama musamman don kayan ƙetare suna kama da masaukan Ibn Rushd: mai haya yana da haƙƙin fita, kuma kuɗin watannin da ya biya gaba a mayar masa. Mai shagon da ke cikin gari wanda cinikinsa ya ragu yana nan a kan yarjejeniyarsa. Mai ɗakin kwana ya ci amfanin ɗakinsa cikakke, haya ta wajaba a kansa.

Amma wajabcin haya ba ya nufin halaccin matsi. Aya ta 280 ta Baƙara ta wajabta jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu, ta kuma nuna yafewa ta fi. Malamai sun bambanta wanda babu gare shi da mai hali da ke taurin bashi, wanda hadisi ya kira jinkirinsa zalunci. Matsalar ita ce ƙaramin mai gida sau da yawa shi ma talaka ne: matar da ke ciyar da marayu da hayar ɗakuna huɗu ba za a ce ta ciyar da wani gida da abincinsu ba. Shari'a ta wajabta mata jinkirin abin da ya wuce, ba ta wajabta mata ci gaba da ba da ɗaki kyauta ba. Tana iya ƙin sabuntawa, ta ba da wa'adi mai ma'ana, ta bi hanyar sulhu ko kotu. Cire ƙofa, kwance kwano, yanke ruwa, ko watsa kayan mutum a titi gaban 'ya'yansa, babu mazhabar da ta yarda da su, doka ma ta hana. A nan ne kuma illar bashi mai ruwa take fitowa fili, domin wanda banki ke bi duk wata ba shi da sararin da zai jinkirta wa kowa, wanda ya gina da kuɗinsa kuwa yana iya rage haya na wata shida ya riƙe ɗan hayar kirki.

Zakka ba ta hau kan ginin kansa ba, tun da ba don sayarwa aka ajiye shi ba. A Malikiyya kuɗin haya ana kama musu shekara ne daga ranar da aka karɓe su, in sun kai nisabi su kaɗai ko haɗe da sauran kuɗin mutum, wato kimar giram 85 na zinariya a ƙiyasin da ya fi yaɗuwa, sai a fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Majalisar Fiƙihu ta tafi a kan haka a 1985. Yusuf Ƙardawi ya ƙiyasta gidan haya da gona, ya ce a fitar da kashi 10 daga abin da ya rage bayan cire ɗawainiya, ko kashi 5 daga jimla, ba tare da jiran shekara ba, amma jumhur ba su bi shi ba. A bisa ra'ayin jumhur, mai ɗakuna kaɗan da ke cinye hayarsu wata-wata ba zakka a kansa. Harajin gida da hukuma ke karɓa daban ne, ba ya zama a madadin zakka, ko da yake ana cire shi cikin ɗawainiya kafin a ga abin da ya rage. Wanda kuwa ya gina don ya sayar, yana ba da haya kafin mai saye ya zo, gininsa hajar kasuwa ce, kuma a Malikiyya in mai jiran farashi ne zai fitar da zakkar shekara ɗaya ranar da ya sayar ya karɓi kuɗin.